Tsani, Bokiti da Farar Riga: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsofaffin Finafinan Barkwanci na Manya da Aka Gina a Wurin Aiki

Duk mai karatun tarihin silimar Turai zai iso wani zango da littattafai ke bi ta kansa da sauri, kamar mai wuce kwata da hanci a toshe. Zangon shi ne shekarun 1970, lokacin da gidajen silima suka cika da finafinan ban dariya na manya waɗanda jarumansu direbobin tasi ne, da masu gyaran famfo, da nas-nas, da 'yan sanda mata. Ɗalibai da masu bin diddigin tsofaffin finafinai suna yawan maimaita tambayoyi iri ɗaya a kansu, shi ya sa aka tattara su wuri guda. Ingila ce za ta fi cin wuri a amsoshin, don a labarinta ne dalilan abin suka fi fitowa fili.

Wane irin fim ake nufi takamaimai?

Fim ne na barkwanci mai tsawon kamar awa ɗaya da rabi, wanda hukumar tace finafinai ta hana yara kallo, aka kuma ɗora labarinsa a kan wata sana'a. Sau da yawa sunan fim ɗin ma ya gama faɗa maka sana'ar. A Ingila an yi Confessions of a Window Cleaner a 1974, wato ikirarin mai goge tagogi, sai Adventures of a Taxi Driver a 1976, sai Adventures of a Plumber's Mate a 1978, labarin yaron mai gyaran famfo. A Italiya kuma an yi La dottoressa del distretto militare a 1976, kan wata likita mace a wurin ɗaukar sojoji.

Miyar tasu kayan haɗi uku ne ba sa canzawa: sana'a, da ɗan tsiraici jefi-jefi, da irin barkwancin nan na faɗuwa a ƙasa, guje-guje da jin kunya a bainar jama'a.

To ba bulu fim ba ne kawai aka sauya wa suna?

Batsa akwai ta a ciki, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma a idon doka da na 'yan kasuwar wancan zamani, kaya biyu ne daban. Waɗannan a manyan gidajen silima na cikin gari ake nuna su, da fosta a bakin titi, da shaidar hukumar tace finafinai ta Birtaniya. Shaidar da ake kira X ta fito ne a 1951 don 'yan shekara 16 zuwa sama. A 1970 aka ɗaga ta zuwa 18, aka kuma ƙirƙiro wata mai suna AA don 'yan 14. A Ingila a lokacin harafin X ba ya nufin komai sai "na manya", har finafinan ban tsoro da shi ake fitar da su. A Amurka ne harafin ya ɓaci, ya koma tambarin bulu fim.

Abin da ya wuce gona da iri ba ya tsallake almakashin hukumar. Irinsa sai a ƙananan kulob-kulob na unguwar Soho a Landan, waɗanda suke fakewa da cewa mambobinsu kaɗai ke shiga. Wasu furodusoshi sukan ɗauki ƙarin fitowa masu zafi su liƙa a kwafin da za a sayar ƙasashen waje, amma wanda mutumin Ingila ke gani a silimar garinsu yawancinsa magana ce mai harshen damo: a faɗi kalma ɗaya, mai gyaran famfo yana nufin kayan aikinsa, matar gida ta ɗauke ta da wata manufa, 'yan kallo su kwashe da dariya don sun gano duka biyun.

Me ya sa sai wurin aiki? Ba za a iya yin labarin a ko'ina ba?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace amsa mai nauyi. A ganina waɗannan finafinai sun fi magana a kan aiki da matsayi fiye da abin da fostarsu ke tallatawa.

Ingila ƙasa ce da bambancin talaka da mai hali ya yi kanta, har a lafazin mutum ake gane gidan da ya fito. Ɗan ma'aikaci ba ya shiga gidan mai kuɗi haka kawai. Amma idan ya rataya tsani, ko ya riƙo akwatin sifana, sai a buɗe masa ƙofa, a nuna masa hanyar bene, ya ga abin da ko maƙwabta ba su taɓa gani ba. Sana'ar ita ce mabuɗi. Mai goge taga yana kallon cikin gidan mutane daga waje, direban tasi yana jin hirar da ba a yi dominsa ba, nas tana ganin babban mutum cikin rigar asibiti ba girma ba arziki. Wanda ya yini yana cewa "to ranka ya daɗe" a masana'anta, da dare ya biya kuɗin tikiti ya ga irinsa ya shiga falon ogansa ya yi ɓarin shayi a kan kafet. Rabin dariyar daga nan take.

Sai kuma lissafin aljihu. Yunifom yana rage wa marubuci wahala: da ka ga farar riga da hula ka san wace ce, ba sai an ɓata minti goma ana gabatarwa ba. Kowane kwastoma sabon ɗan wasan kwaikwayo ne mai zaman kansa, don haka ba a buƙatar labari mai ƙulli, a jera fitowa goma a kira shi fim. Ɗaki ɗaya na asibiti ko garejin mota ɗaya ya isa a yi makonni ana ɗauka a ciki. Kuma kowace ma'aikata tana zuwa da nata mugun kyauta, wato mai sa ido: babbar nas mai tsawa, sufeton motocin haya, sajan, manaja mai ƙulle-ƙulle. Ba sai an ƙirƙiro abokin gaba ba, kowane ɗan kallo ya baro nasa a wurin aiki da yamma.

Yaya fitowa ɗaya take kasancewa, misali?

Wannan ba daga wani fim guda aka ɗauko ba, tsari ne da za ka tarar an maimaita shi har ya gaji. Safiya ce, a wata unguwar masu rufin asiri da gidajenta suke jere iri ɗaya. Maigida ya fita da jaka da laima. Saurayi ya jingina tsani a bango, ya hau da bokiti yana fito. Matar gida ta leƙo ta ce ya sauko ya sha shayi. Shayin bai huce ba sai ga ƙarar mota a ƙofar gida, ashe maigida ya manta wata takarda. Saurayi ya faɗa cikin kabad ɗin kaya, ƙura ta sa shi atishawa, ya fice ta taga, tsani ya zame, ya ƙare a cikin shukar fure da bokiti a ka. Yana ɗagowa sai ga ɗan sanda tsaye yana zaro littafi daga aljihu.

Abin lura shi ne jarumin ba gwani ba ne. Bai iya aikin ba, bai iya neman matan ba, kullum shi ne a ƙasa. Masu nazari sun daɗe da lura cewa fim ɗin Ingila na wannan layi ya fi jin tsoron abin da yake tallatawa fiye da sha'awarsa. Kunya ce jigon wasan.

Finafinan Carry On suna cikin wannan sahu?

Su ne kakanni, amma yawancinsu ba na manya zalla ba ne, iyalai na zuwa kallonsu. An yi guda 31 daga 1958 zuwa 1992, duka Peter Rogers ne furodusa, Gerald Thomas darakta, a situdiyon Pinewood. Na farko a barikin soja aka kafa shi. Na biyu, Carry On Nurse na 1959, a asibiti, shi ne kuma ya fi kowane fim kawo kuɗi a Birtaniya a shekarar. Daga nan suka bi ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya: ofishin 'yan sanda, kamfanin tasi, jirgin ruwa, suka kuma koma asibiti sau da dama. Fuskokin ba sa canzawa: Sid James da dariyarsa ta ɗan duniya, Kenneth Williams mai ɗaga hanci, Barbara Windsor, Joan Sims, da Hattie Jacques wadda ta zama hoton babbar nas a zukatan Turawan Ingila.

Su ma gado suka ci. Kafinsu akwai katunan barkwanci da ake sayarwa a garuruwan bakin teku, masu zanen mata masu ƙiba da mazaje 'yan firit, da rubutu mai harshen damo a ƙasa. Fitaccen mai zana su, Donald McGill, har kotu aka kai shi a 1954 yana tsoho tukuf, kuma George Orwell ya rubuta maƙala a kan katunan tun 1941. Abin da finafinan shekarun 1970 suka yi shi ne ɗaukar abin da Carry On ke nuni da shi da baki, su nuna shi da ido. Yadda hakan ya juyo ya cinye Carry On ɗin kansa yana cikin amsar da ta shafi mutuwar wannan layi.

Me ya sa suka yi yawa a shekarun 1970, ba kafin nan ba?

Yunwa ce. A 1946 an sayar da tikitin silima sama da biliyan 1.6 a Birtaniya. Talabijin ta zo ta kwashe iyalai, ta kuma ƙara da mai launi a manyan tashoshi a 1969. Kusan a lokaci guda kamfanonin Amurka, waɗanda kuɗinsu ke riƙe da masana'antar fim ta Ingila a shekarun 1960, suka janye hannu. Mai gidan silima sai ya tambayi kansa: me zan nuna wanda talabijin ba za ta iya nunawa ba? Amsar ba ta da wuya.

Doka ma ta taimaka ta hanyar da ba a yi niyya ba. A lokacin akwai ƙa'idar 1927 da ta tilasta wa gidajen silima nuna wani kaso na finafinan gida. Akwai kuma harajin Eady, wanda ake cira daga kuɗin tikiti a mayar wa furodusoshin Birtaniya gwargwadon cinikin da fim ɗinsu ya yi. An kafa shi don raya fasaha, sai ya zama mai fim mai arha da ya cika silima shi ne ke kwasar rabo mai tsoka. Ga kuma sassaucin da aka samu a tace-tace: an soke tace wasannin dandamali a 1968, sannan ɗaga shekarun X zuwa 18 ya ba hukuma damar barin abin da da can za ta yanke.

Da gaske sun kawo kuɗi, ko kuwa 'yan tsiraru ne ke kallo a ɓoye?

Ba a ɓoye ba sam. Confessions of a Window Cleaner, wanda Val Guest ya ba da umarni, Robin Askwith ya fito a matsayin Timmy Lea, shi ne fim ɗin Birtaniya da ya fi ciniki a 1974, kuma babban kamfanin Columbia ne ya rarraba shi. An biyo shi da uku: na mawaƙi a 1975, na mai koyar da tuƙi a 1976, na ma'aikacin sansanin hutu a 1977. Ganin haka furodusa Stanley Long ya fito da nasa jerin na Adventures guda uku. Wani fim mai suna Come Play with Me na 1977, wanda aka kafa a wani gidan kula da lafiya da nas-nas, ya yi mako 201 ana nuna shi ba yankewa a wata silima ɗaya a Landan. Masu sharhin jaridu sun yi ta zaginsu, layi kuma bai ragu ba.

An ce akwai sanannun mutane da suka sa hannu a ciki. Haka ne?

Haka ne, kuma dalilin bai wuce wanda aka faɗa a amsar shekarun 1970 ba: aiki ya yi ƙaranci, ɗan wasa kuwa sai ya ci abinci. Christopher Wood, wanda ya rubuta da sunan aro littattafan da aka ɗauko finafinan Confessions daga ciki, da shi aka rubuta fim ɗin James Bond na 1977, shi ne kuma ya rubuta na 1979. Joan Hickson, da daga baya duniya ta san ta da rawar Miss Marple a BBC, ta fito a na mai goge tagogi, haka ma John Le Mesurier. Tony Booth, wanda ya fito a mijin 'yar'uwar Timmy a duka huɗun, shi ne mahaifin Cherie, matar Tony Blair. Dattawan 'yan wasa irin waɗannan ba sa cire ko hula. Sukan zo su yi kwana biyu suna fitowa a uwa ko sufeto, a sa sunansu a fosta don fim ya yi kama da na mutunci, su karɓi cak su tafi.

Ingila kaɗai aka yi wannan?

Ina! Kusan duk ƙasar da talabijin ta kwashe wa silima iyalai ta yi nata. Italiya ce ta fi kowa yawa. Tauraruwarsu Edwige Fenech, wadda aka haifa a Annaba ta Aljeriya a 1948, ta fito a 'yar sanda, ta fito a alƙaliya, ta fito a likitar soja, kewaye da 'yan barkwanci irin su Lino Banfi, Alvaro Vitali da Renzo Montagnani. Bambancinsu da na Ingila a bayyane yake. A Ingila namiji ne mai sana'a yana yawo gida-gida. A Italiya mace ce mai muƙami, ta shigo wata ma'aikata da maza suka mamaye, su kuma su bi su haukace, kanar da kurtu duk su zama abin dariya suna leƙe ta kafar makulli. Akwai abin mamaki a nan: an yi fim ɗin soja mace a 1977, alhali mata ba su fara shiga sojan Italiya ba sai 2000.

Denmark, wadda ta halatta hotunan batsa tun 1969, ta yi jerin barkwanci da ɗan wasa Ole Søltoft, har da na likitan haƙori a 1971. Jamus ta Yamma ta yi wasu da suke shigar burtu a matsayin rahoton bincike kan nas-nas ko matan aure, da kuma na masu haƙar kwal a yankin Ruhr. A Burazil unguwar Boca do Lixo ta birnin São Paulo ta yi ta fitar da su ƙarƙashin mulkin soja, wanda ya fi tsoron siyasa a fim fiye da tsiraici. A Meziko birkiloli ne da makanikai da 'yan kasuwar kayan miya, ɗan wasa Alfonso Zayas a gaba, da salon habaicinsu da suke kira albur. A Turkiyya guguwar ta taso wajen 1974, juyin mulkin 12 ga Satumba 1980 ya kwantar da ita.

Amurka fa?

Nasu ya bi ta silimun da ake kallo daga cikin mota da ƙananan kamfanoni. Sana'o'i biyu suka fi damu: ma'aikatan jirgin sama mata da nas-nas. The Stewardesses na 1969 ya yi ciniki mai yawa a kan ɗan jari. Kamfanin furodusa Roger Corman ya fitar da The Student Nurses a 1970, kuma mace ce ta ba da umarninsa, Stephanie Rothman. Corman yana da sharaɗinsa na abin da dole a nuna, amma bayan wannan yakan sakar wa darakta mara, shi ya sa Rothman ta cusa batun zubar da ciki da gwagwarmayar 'yan asalin Meziko a cikin fim ɗin da aka yi don samari. Ba duka ne barkwanci zalla ba, sun fi na Ingila ɗaure fuska.

Yaya suke nuna mata ma'aikata?

Nan ne dariya ke tsayawa a maƙogwaro. A shekarun da ake yin waɗannan finafinai, mata na shiga aiki da yawa suna kuma neman haƙƙinsu. A 1968 mata masu ɗinkin kujerun mota a masana'antar Ford ta Dagenham a Ingila suka yi yajin aiki, abin da ya share hanyar dokar daidaita albashi ta 1970, sai dokar hana wariyar jinsi ta biyo baya a 1975. Finafinan suna sane da wannan, kuma yawanci tsoro suke nunawa. A On the Buses na 1971, kamfanin bas ya ɗauki mata direbobi, jaruman fim ɗin kuma suka shiga ƙulla musu makirci don a kore su, da nufin ɗan kallo ya goyi bayan mazan. Carry On Cabby na 1963 ya ɗan fi adalci: matar mai kamfanin tasi ta kafa nata a ɓoye da direbobi mata, ta kusa karya mijin. Amma ko a nan, da gajeren siket matan ke kwace fasinja.

Mace a wannan duniya iri biyu ce, ko budurwar da ake bi, ko tsohuwa mai masifa da ake gudu. Manaja ya bi sakatariya yana zagaye tebur, majiyyaci ya mintsini nas, kiɗa ya nuna cewa wasa ne. A lokacin ko sunan abin babu a doka. A tsakiyar shekarun 1970 ne aka fara kiransa cin zarafi ta hanyar lalata a wurin aiki, hukumar daidaita damar aiki ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji a kai a 1980, Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar a 1986. Kuma ba a fim kaɗai abin yake ba. Har ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin jiragen Amurka da dama suna sallamar ma'aikaciya idan ta yi aure ko ta kai shekara 32 ko 35. A 1980 fim ɗin 9 to 5, da Jane Fonda, Lily Tomlin da Dolly Parton, ya juya tsarin kansa: ofis ne, oga ne mai bin sakatariya, barkwanci ne, amma yanzu daga idon matan ake kallo, shi ne kuma matan suka kama suka ɗaure.

Me ya kashe su?

Kaset ɗin bidiyo ne babban makashi. Wanda ke zuwa silima don tsiraici ya samu abin da ya fi shi a ɗakinsa, wanda ke zuwa don dariya kuma dama talabijin ta fi. Fim ɗin da ke tsakiya ya rasa mai saye. Carry On ya yi ƙoƙarin bin yayi a 1978 da wani fim mai shaidar AA, ya faɗi warwas: tsofaffin masoya suka ji kunya, sababbi suka ga bai kai ba. Daga nan jerin ya yi shiru shekara 14. A 1984 tikitin silima a Birtaniya ya sauko zuwa miliyan 54 kacal, a 1985 gwamnatin Thatcher ta soke harajin Eady, rijiyar ta ƙafe.

Ɗanɗanon dariya ma ya sauya. Sababbin 'yan barkwanci da suka taso daga 1979 sun mayar da tsokanar surukuwa da bin 'yan mata abin kunya, har tashar talabijin ta Thames ta dakatar da shirin tsohon ɗan barkwanci Benny Hill a 1989. Wasu 'yan wasan sun tsira da mutunci, kamar Lino Banfi da ya tsufa yana fitowa a kakan iyali a talabijin ɗin Italiya. Wasu ba su tsira ba. Mary Millington, wadda sunanta ya sayar da fim ɗin nan na mako 201, ta kashe kanta a 1979 tana da shekara 33, cikin matsin 'yan sanda da na masu haraji.

Har yanzu suna ba da dariya?

Kaɗan ƙwarai. Tsofaffin Carry On na farko-farko suna da sauran gishiri, don 'yan wasansu gwanaye ne na gaske, Kenneth Williams zai iya sa ka dariya da ɗaga gira kawai. Na shekarun 1970 kuwa yawancinsu lami ne. Na taɓa zama a wani ɗakin nazari aka saka mana minti goma na ɗaya daga cikinsu, wurin da jarumin ke gudu a titi yana kare kansa da murfin kwandon shara. Kiɗan yana ta tsalle yana umartar mu da dariya, ɗaki kuwa tsit, sai ƙarar fanka. Wata a bayana ta ce, "Wai nan ne wurin dariyar?"

Akwai abin da ya haɗa su da finafinanmu na Hausa?

Ta fuskar abin da ake nunawa, babu. Hukumar tace finafinai ta ƙasa da aka kafa a 1993 da ta Jihar Kano ta 2001 ba za su bar ko fostar irin waɗannan ba, silimun Arewa kuma dama da finafinan Indiya da na Sin da na kaboyi suka rayu. Amma ta fuskar sana'a, wanda ya san finafinan camama zai gane tsarin nan take: jari kaɗan, ɗauka cikin gaggawa, fuskoki iri ɗaya, jarumi ya zama ɗan sanda yau, gobe direba, jibi mai gadi, kamar yadda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi ta sauya riga. Magana mai harshen damo kuwa ba sai Bature ya koya mana ba, 'yan gambara sun daɗe suna cin kasuwa da ita.

Mai nazarin tarihi dole ne ya kalle su? Me zai samu a ciki?

Ba dole ba ne, kuma wanda addininsa ko tarbiyyarsa ta hana shi bai yi asarar wata fasaha ba. Kusan duk abin da aka kawo a amsoshin nan ana samunsa a rubuce. Abin da ba a samu a rubuce shi ne bayan fage. Saboda ba su da kuɗin gina komai, a titunan gaske suke ɗauka, don haka suka adana Ingilar da manyan finafinai ba su damu da ita ba: garejin bas da kantin shan shayin ma'aikata, farashi a jikin tagar shago, fuskar bangon ɗakin talaka, katin da ake bugawa a agogo in an iso aiki.

Wanda zai duba guda ɗaya, ya duba Carry On at Your Convenience na 1971, wanda ba shi da shaidar X. A masana'antar ƙera kwanon ban-ɗaki aka kafa shi, inda wakilin ƙungiyar ƙwadago ke kiran yajin aiki a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Masu fim ɗin sun manta su wa ke sayen tikitinsu. Ma'aikata sun yarda a yi dariyar oga, a yi dariyar babbar nas, a yi dariyar sajan, amma da aka taɓa ƙungiyarsu sai suka ƙi zuwa, fim ɗin ya ɗauki shekaru kafin ya mayar da kuɗinsa. A tsakiyarsa akwai wata doguwar fitowa da ma'aikatan suka ajiye rigima, suka cika bas ɗaya har da mai masana'antar, suka tafi yawon shekara-shekara bakin teku a Brighton, suka dawo da dare a buge.